Na yaba, na yi kyauta, amma ajina ya koma gidan jiya

Tambaya

Assalamu alaikum, Mama. Ni malamar firamare ce, shekarata ta biyu ke nan da fara aiki, kuma aji biyar nake riƙe da shi. Zangon farko da tsawa na ƙare shi, kullum sai na koma gida murya a dishe. Da muka dawo hutu sai na canza salo. Na shiga yabon yara, duk wanda ya yi abin kirki in ce "madalla, yaron kirki", na kuma sayo fensira da birori ina raba wa waɗanda suka natsu duk ƙarshen mako. Mako biyu ajin ya zama abin sha'awa, yanzu kuwa komai ya koma gidan jiya. In na ce a share allo sai a tambaye ni, "Malama, me za a ba mu?" Akwai wani yaro a layin baya da ke birkita min aji, shi abin nasa ma gaba ya yi: ranar da na yabe shi a gaban kowa, washegari sai da ya tsokani kusan rabin ajin. Wata yarinya kuma da nake kira haziƙar ajina ta daina ɗaga hannu, ta ci shida cikin goma a gwajin lissafi ta ɓoye takardar ta ce ta ɓata. Wani babban malami a makarantarmu ya ce da ma ya san a rina, yabo fasa wa yaro kai yake yi, yaro ba abin da ya sani sai tsoro. Na fara yarda da shi, amma zuciyata ba ta so. A ina na yi kuskure?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama 'yata. Allah ya yi wa aikinki albarka. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda ya fi tsaya min a rai shi ne inda kika ce zuciyarki ba ta so. Ki riƙe wannan zuciyar da kyau. Babban malamin nan ya hango wani abu na gaskiya, domin akwai yabon da ke ɓata yaro, kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai irinsa a cikin abin da kika yi. Gyara yake buƙata. In kika watsar da shi kika koma tsawa, kin riga kin san abin da za ki samu, tunda kin ɗanɗana a zangon farko.

Bari in fara da tambaya. A darasi guda na minti 40, sunan wa kika fi kira? Ko ban shiga ajinki ba na san amsar: yaron layin baya. Shi ake kira, shi ake harara, saboda shi ake dakatar da darasi idon kowa ya koma kansa. To ki sani, a wurin ɗan shekara goma babu abin da ya kai idon malami tsada a cikin aji, fensir da biro duk a bayansa suke. Yaron da bai samu an kula shi ta hanyar kirki ba zai nema ta ɗaya hanyar, kuma tsawar da kike ganin horo ce, shi a wurinsa an dai kula shi. Masana halayyar ɗan Adam, tun daga B. F. Skinner a shekarun 1930, sun tsaya a kan ƙa'ida mai sauƙi: duk halin da ya jawo wa mai shi abin da yake so, zai maimaita shi. Ƙa'idar ba ruwanta da niyyar malami. A 1968 Charles Madsen da abokan aikinsa a Amurka sun gwada ta a kan 'yan aji ɗaya. Suka sa malamai su ƙara yawan cewa "zauna!" duk lokacin da yaro ya miƙe, sai miƙewar ta ƙaru. Da malaman suka koma yabon waɗanda ke zaune suna aikinsu, yawon cikin aji ya ragu. Kowace "zauna!" takan zaunar da yaron a wannan lokacin, shi ya sa malami yake ganin tana aiki, alhali ita ce ke renon halin.

Saboda haka aikin farko da zan bayar naki ne. Ki sami 'yar takarda ki raba ta biyu ki ajiye a kan tebur. Kwana uku, duk lokacin da kika tsawata ki ja layi a hagu, duk lokacin da kika ambaci abin kirkin da wani ya yi ki ja a dama. Kada ki canza komai, ƙirge kawai za ki yi. Malaman da na sa suka yi wannan yawanci da mamaki suke dawowa, don a ransu suna ganin su masu yabo ne. Ba ke kaɗai ba ce. A 1975 Mary Alice White ta wallafa abin da aka ƙirga a azuzuwa tun daga aji ɗaya har ƙarshen sakandare: daga bayan aji biyu tsawatarwa ce ke rinjayar yabo, kuma ɗan yabon da ake yi kusan duk a kan karatu ne, a kan ɗabi'a da wuya a ji shi. Wato yaron da ya zauna lafiya tun safe ba mai ce masa komai sai ranar da ya yi laifi.

Yanzu mu zo kan lafazin kansa. "Madalla, yaron kirki" magana ce mai daɗi, amma me yaron ya koya daga gare ta? Bai san wane abu ya yi aka ce masa haka ba, balle ya sake yi gobe. In kuma ya ji an faɗa wa mutum goma sha biyar kafin a tashi, ta zama kamar gaisuwa. Abin da nake faɗa wa malaman da na horar shi ne, yabon malami shaida ce, ba kirari ba. Mai kirari mutumin yake kambamawa, ya kai shi inda bai kai ba. Mai shaida abin da idonsa ya gani yake faɗa, ba ƙari ba ragi. "Wane, na ga ka jira sai da wance ta gama magana sannan ka ɗaga hannu." "Wance, kin gano kuskurenki a layi na uku da kanki, kin gyara kafin in zo." "'Yan wannan layin, kun fito da littattafanku kafin in gama rubuta kwanan wata." Kin ga ko kalmar madalla babu a ciki, amma yaron ya ji an gan shi, ya san takamaimai abin da aka gani, na kusa da shi ma sun ji abin da ake so ba tare da an yi musu faɗa ba. Sharaɗin dai ya zama gaskiya, ya kuma zo da zafinsa, a lokacin da abin ya faru ko jim kaɗan bayansa. Yara sun fi mu saurin gane maganar da ba ta kai zuci ba, kuma ranar da suka kama ki da shaidar zur, darajar duk yabonki na gaba ta faɗi.

Yarinyarki mai ɓoye takarda ita ta fi ba ni tausayi, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Kin ɗora mata suna, haziƙar aji. Daga ranar, kowace tambaya da kika jefa ta zama gwajin ko har yanzu ta cancanci sunan. In ta faɗi daidai ba ta ƙaru da komai ba, da ma abin da ake tsammani ke nan daga haziƙa. In ta kuskure, sunan ya tafi. Mai hankali a irin wannan hali shiru zai yi, kuma shirun ta yi. Shida cikin goma kuwa a idonta hujja ce cewa Malama ba ta san ta ba tun farko, shi ya sa dole takardar ta ɓata.

Abin da ya same ta an taɓa auna shi. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck, suna Jami'ar Columbia da ke New York, suka wallafa bincike a kan 'yan aji biyar, sa'annin yaranki. Aka ba yaran tambayoyi na wasa ƙwaƙwalwa, aka shaida wa kowa ya ci maki mai kyau. Sai aka ƙara wa wasu da cewa lalle suna da kaifin basira, wasu kuma aka ce musu lalle sun dage sun yi aiki tuƙuru. Jimla ɗaya ce bambancin. Da aka ba su zaɓi, yawancin waɗanda aka yabi basirarsu suka ɗauki aiki mai sauƙi da ba za su kuskure ba, waɗanda aka yabi dagewarsu suka ɗauki wanda za su koyi sabon abu ko da zai yi wuya. Sannan aka ba kowa tambayoyi masu tsauri, aka ce musu wannan karon ba su taɓuka abin kirki ba. Da aka dawo da su kan irin na farko, 'yan rukunin basira sun yi ƙasa da abin da suka yi da fari, 'yan rukunin dagewa sun ƙaru. Ga kuma inda ya yi kama da 'yarki: da aka ce su rubuta wa wasu yara na wata makaranta makin da suka ci, kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka kira masu basira suka ƙara wa makin nasu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 13 ne suka yi haka. Ba duk binciken da ya biyo baya ne ya sami bambanci mai girman wannan ba, amma abin da na gani da idona ya ishe ni in ɗauke shi da muhimmanci.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskuren a shekarun farko na aikina. Akwai wata yarinya da kullum nake ce wa 'yan ajin su yi koyi da ita. Rannan a jarrabawa na kama ta tana leƙen takardar ta kusa da ita, wadda ko kusa ba ta kai ta karatu ba. Da na keɓe ta na tambayi dalili, sai ta fashe da kuka ta ce tambaya ɗaya ce ta shige mata duhu, kuma ta ji tsoron in daina kiran sunanta. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, don ni na ɗora mata kayan da ya fi ƙarfin wuyanta.

Ki keɓe taki ku biyu. Kada ki bi diddigin ƙaryar, ita ma ta san kin sani. Ki ce mata kin yi kuskure da kika riƙa kiranta da wannan sunan, kuma ƙimarta a wurinki ba ta rataya a kan maki ba. Sannan ku zauna a kan tambayoyi huɗun da ta faɗi, ku bi su ɗaya bayan ɗaya har ku ga inda hanya ta kauce. Daga yanzu abin da za ki riƙa shaidawa a kanta shi ne ranar da ta ce ban gane ba, ranar da ta gwada hanya ta biyu bayan ta farko ta ƙi, ranar da ta ɗaga hannu ba ta da tabbas. Amma ki kiyayi mayar da "kin yi ƙoƙari" ta zama kalmar jaje. Dweck da kanta ta yi wannan gargaɗin a 2015, ganin yadda malamai suka shiga yabon ƙoƙari ko da yaro bai koyi komai ba. Yaron da ya dage ya faɗi yana buƙatar ki ce masa, na ga ka dage, zo mu ga wace hanya ba mu gwada ba. Haka kuma kada tausayi ya sa ki zuzuta. Eddie Brummelman da abokan aikinsa a Holan sun nuna a 2014 cewa yaran da ba su yarda da kansu ba, in aka yi musu yabo mai kambamawa, aiki mai sauƙi suke koma zaɓa, don an kafa musu matakin da suke tsoron ba za su sake kai wa ba.

Sai yaron layin baya. Na san abin da ya yi washegarin yabon shi ya fi sa kika fara yarda da babban malami. Akwai labarin da Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya ci kyautar Nobel a 2002, ya taɓa bayarwa. Yana bayyana wa masu horar da matuƙan jiragen yaƙi cewa yabo ya fi faɗa gyara ɗalibi, sai wani tsohon hannu a cikinsu ya ce shi akasin haka ya gani: in ya yabi ɗalibi a kan tuƙi mai kyau, na gaba yakan fi muni, in ya yi masa kaca-kaca a kan mummuna, na gaba yakan fi kyau. Kahneman ya gane cewa mutumin gaskiya ya faɗa a kan abin da ya gani, fassarar ce ta kauce. Yaushe ake yabo? Ranar da mutum ya zarce yadda ya saba. Yaushe ake faɗa? Ranar da ya yi ƙasa da yadda ya saba. Karo na gaba kuwa, ko an yi magana ko ba a yi ba, kowa yakan dawo kusa da inda ya saba. Sai a ga kamar yabo ya ɓata, faɗa ya gyara. Shi ya sa ba a auna wannan aikin da washegari, da makonni ake auna shi.

Akwai kuma yiwuwar yabon gaban jama'a ne ya ƙona shi. Yaron da ya gina sunansa a wurin abokai a kan cewa shi ba ya jin magana, in kika tsayar da aji kika ce a tafa masa, kin kunyata shi a gaban mutanensa, dole gobe ya wanke kansa. Irinsa a ɓoye ake yi masa. Ki biyo ta gefen bencinsa, ki ɗan sunkuya, ki ce da muryar da shi kaɗai zai ji, "na ga ka gama uku na farko", ki wuce ba ki jira amsa ba. Ko ki rubuta masa a gefen littafinsa. Tsawatarwar ma haka take: binciken Daniel O'Leary da abokan aikinsa na 1970 ya nuna cewa gargaɗin da aka yi wa yaro ƙasa-ƙasa ya fi wanda aka yi da ɗaga murya rage fitina. Kada kuma ki jira sai ya zama na kirki kafin ki sami abin shaidawa, za ki daɗe kina jira. In minti biyar yake iya zama a kan aiki, ki kama shi a cikin minti na huɗu. In biyar ɗin ta zauna, ki ja zuwa goma. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙananan abubuwan neman a kula shi, irin su buga benci da 'yan surutai, ki ɗauke kai daga gare su, ki juya ga wanda ke aikinsa kusa da shi. Amma ki shirya, abin zai ƙaru kafin ya ragu. Wanda ya saba in ya ƙwanƙwasa a buɗe masa, ranar da ba a buɗe ba ba juyawa zai yi ba, bugawa zai yi da ƙarfi. In kika haƙura kwana uku sannan kika fashe a rana ta huɗu, kin koya masa cewa ƙarfin bugu ne ke buɗe ƙofa. Duka da cin zali da zagi kuwa ba a ɗauke musu kai ko sau ɗaya. Waɗannan suna da hukuncin da kowa ya san shi tun kafin a yi laifin, ki zartar da shi da sanyin murya, in ya ƙare ya ƙare, gobe ki tarbe shi a bakin ƙofa da fuskar da kike tarbar kowa.

Wani abu kuma da ba ki ambata ba: yaron nan ya iya karatu kuwa? Ki zaunar da shi inda ba kowa, ki ba shi sakin layi ɗaya ya karanta miki. Ki kuma duba ko yana ganin allo daga inda yake. Yara da yawa sun gwammace a kira su gagararru da a kira su daƙiƙai, sai su tayar da ƙura kafin a zo kansu da tambaya. In wannan ce matsalarsa, duk yabon duniya ba zai zaunar da shi ba sai an ba shi aikin da zai iya.

Batun fensira da birori ba zan ja shi ba, don yaran sun riga sun faɗa miki illarsa da bakinsu. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun ɗauki ƙananan yara masu son zane a makarantar reno ta Jami'ar Stanford. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu aka ba su ita ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye kayan zanen a aji ba alkawarin komai. Waɗanda aka yi wa alkawari sun yi kusan rabin lokacin da sauran suka yi suna zane, waɗanda kyautar ta zo musu ba zato kuwa sha'awarsu ba ta taɓu ba. Alkawarin ne ya mayar da abin so ya zama aikin lada. Tsarinki yana da wata illar kuma: ƙarshen mako ya yi wa yaro nisa, waɗanda ke ci kullum su ne waɗanda da ma a natse suke, shi kuwa na layin baya tun hantsin Litinin ya san ya faɗi, to me zai sa ya wahalar da kansa sauran kwanakin?

Ki faɗa musu a fili cewa rabon ya ƙare, share allo aikinmu ne mu duka, kuma wanda ya share zai ji "na gode" daga bakinki. Za su yi ƙorafi 'yan kwanaki su manta. Sauran biroran ki ajiye su, wata rana ki ba wani ba zato, kina faɗin dalili. In kina son wani tsari da zai riƙe ajin, akwai wasan da Harriet Barrish da Muriel Saunders da Montrose Wolf suka fara gwadawa a wani aji huɗu a jihar Kansas a 1969. Ana raba aji gida biyu, a kafa ƙa'idoji kaɗan, wanda ya karya a ja wa rukuninsa layi a allo. Rukunin da layukansa ba su wuce adadin da aka yanka ba ya ci, kuma duka biyun suna iya ci rana ɗaya. Ladan yawanci 'yar alfarma ce irin ƙarin lokacin wasa. A tsakiyar shekarun 1980 aka gwada shi a makarantun birnin Baltimore a kan 'yan aji ɗaya da biyu, aka bi yaran har suka kai shekara 19 zuwa 21, aka tarar mazan da suka fi fitina suna ƙanana, in sun yi wasan, sun fi takwarorinsu tsira daga shaye-shaye da aikata laifi. Ni na fi son a juya shi, a riƙa ja wa rukuni layi in an kama su suna bin ƙa'ida, don hakan zai tilasta wa idonki neman abin kirki. Ki fara da minti goma a darasin da ya fi ba ki wahala.

Babban malaminku kuma kada ki yi musu da shi, ya riga ki shiga aji kuma akwai abubuwa da yawa da za ki koya a wurinsa. Tsoro yana kawo shiru, wannan ba ƙarya ba ne, amma shirun yana tare da mai tsoratarwar ne, in ya fita ya fita da abinsa. Gardamar nan ta tsufa. Tun 1925 Elizabeth Hurlock ta ba 'yan aji huɗu da shida gwajin lissafin tarawa kwana biyar, ana kiran sunan wasu a yabe su, wasu a yi musu faɗa, wasu ba a ce musu komai. Da farko waɗanda aka yi wa faɗa sun ɗaga kamar waɗanda aka yaba, daga nan suka fara ja da baya, waɗanda aka yaba kuwa su ne a sama a rana ta ƙarshe. A zamaninmu Paul Caldarella da abokan aikinsa sun yi shekara uku suna lura da ɗalibai 2,536 a azuzuwa 151 a jihohi uku na Amurka, suka wallafa a 2020. A azuzuwan da yabo ya fi rinjayar tsawatarwa, lokacin da yara ke mai da hankali kan darasi ya ɗara na sauran da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Ba su sami wani adadi na musamman da sai an kai shi ba, duk ƙarin da malami ya yi yana da amfaninsa. Don haka in takardarki ta nuna tsawa goma yabo biyu, ki nemi kai biyun zuwa huɗu a mako mai zuwa, ya isa mafari.

Wasiƙarki ta ambaci yara biyu, ni kuwa sauran nake tunani, waɗanda ba su yi fice a karatu ba, ba su kuma yi fice a fitina ba. Irinsu sukan gama shekara ba a kira sunansu da wani abin kirki ba. Kowace safiya ki zaɓi suna uku a rajista, ki sa musu ido har ki ga abin shaidawa na gaskiya, ki ɗiga alama da fensir a gaban sunan. In kin zagaye ajin ki sake daga farko. Sau ɗaya a mako kuma ki aika wa iyayen wani yaro saƙon layi biyu a kan abin kirkin da ya yi. Iyayen na layin baya ƙila ba su taɓa jin sunan ɗansu daga makaranta ba sai da ƙara.

Ranar Litinin ki fara da takardar ƙirge da zama da yarinyar, sauran su biyo baya a hankali, kada ki ɗauka duka a mako ɗaya. Bayan mako huɗu ki sake rubuto min, ki faɗa min yadda layukan hagu da na dama suka tsaya, da ko 'yarki ta sake ɗaga hannu. Na fi ƙagara in ji abin da kika tarar ranar da kika ba yaron nan littafi ya karanta miki. Allah ya dafa miki.